“Passed out” ko “passed away”? Ƙananan kalmomin Turanci da ke tayar da hankalin gida

Yau maganar Turanci na zo miki da ita. Na san wata za ta ce ina ruwan ma'aikaciyar jinya da darasin Turanci, to ki ɗan saurari abin da ya faru a gabana, sai ki yi mini hukunci.

Wata ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, wani saurayi ya kawo mahaifinsa asibitin da nake aiki a lokacin. Dattijon yana da ciwon sukari. Ya sha maganinsa da safe bai karya ba, ya shiga kasuwa cikin rana. Muna cikin auna shi sai ya sulale ƙasa. Na juya na ce wa likita da Turanci, kamar yadda muka saba a bakin aiki: “He has passed out.” Wato ya suma. Muka duba muka ga sukarinsa ne ya yi ƙasa, muka ba shi ruwan sukari ta jijiya, bai daɗe ba ya farfaɗo.

Ashe saurayin ya ji abin da na faɗa. Ya ciro waya ya tura wa yayarsa da ke aure a Kaura Namoda: “Baba has passed out.” Daga nan cajin wayarsa ya ƙare. Ita yayar ba ta yi nisa a boko ba, sai ta miƙa wa ɗiyar maƙwabta 'yar sakandare ta karanta mata. Yarinyar ta duba, ta yi salati, ta ce, “Anti, sai haƙuri, Baba ya rasu.”

Ta kira ƙanenta, waya a kashe. Bayan la'asar ta goya jaririnta ta shiga mota, ta kama hanyar Kaura zuwa Shinkafi, hanyar da duk ɗan yankin nan ya san ba a son bin ta da yamma. Allah ya tsare, ta iso gab da magariba. Tana shigowa ta tarar da mahaifinta zaune a bakin gado yana shan kunu. Ya ɗago ya ce, “Ke kuma lafiya, da yammacin nan?” Nan ta zube tana kuka.

Saurayin bai yi kuskure ba, daidai ya rubuta. Yarinyar da ta karanta ta san “passed away”, wato rasuwa, ba ta san “passed out” ba. Ni ma ina da nawa laifin, domin na yi Turanci a gaban ɗan mara lafiya ban juya na yi masa bayani da Hausa ba. Tun ranar na gyara wannan ɗabi'a. Amma ko duk mun gyara, Turanci ba zai daina shigo miki gida ba. Yana cikin katin asibiti, yana cikin saƙon WhatsApp na makarantar yara, yana cikin jarrabawar da ɗiyarki za ta zauna. Shi ya sa nake so yau ki riƙe abu guda: a irin wannan jimla, ƙaramar kalmar ƙarshe ce ke gaya miki abin da ya faru, ita kuma “has” ta gaba tana gaya miki cewa maganar tana nan har yanzu.

Aikatau da ɗan rakiyarsa

A littafin makaranta ana kiran irin waɗannan kalmomi “phrasal verbs”. Ni a gida ina ce wa yarana aikatau mai ɗan rakiya. Aikatau ita ce kalmar aiki, kamar “pass”, “run”, “break”, “come”. Ɗan rakiya kuwa ɗan guntu ne da ke biyo ta: “out”, “away”, “up”, “down”, “off”. Idan suka haɗu sai ma'ana ta sauya, wani lokaci ta tashi gaba ɗaya daga inda kika san ta.

Kada abin ya ba ki tsoro, domin Hausarmu ma haka take. Ɗauki kalmar “ci”. Mun ci tuwo, yaro ya ci jarrabawa, wance ta ci bashi, wane ya ci amana, aiki ya ci gaba. Baƙon da ya san “ci” na abinci kaɗai, idan aka ce masa an ci mutuncin wani sai ya riƙe baki. Haka kuma “fita” da “fito”, wasali ɗaya ne ya raba su, amma ɗaya ta nufi can, ɗaya ta nufo nan. Abin da kunnenki ke yi da Hausa ba tare da tunani ba, shi ne za ki koya wa idonki ya yi da Turanci.

Duba kalmar “break” kaɗai:

“The car has broken down.” Motar ta lalace.
“Cholera has broken out.” Cutar amai da gudawa ta ɓarke.
“Thieves have broken in.” Ɓarayi sun fasa sun shiga.

Aikatau ɗaya, 'yan rakiya uku, labari uku. Na farko sai a nemo bakanike, na biyu sai a tafasa ruwan sha a tanadi ruwan gishiri da sukari, na uku sai a kira jama'a.

Aikin “has” da “have”

A Hausa idan muka ce “zazzaɓin ya sauka”, jimlar tana iya nufin jiya, tana iya nufin yanzun nan. Sauran zancen ne ke fayyacewa. Bature ya raba su gida biyu. “The fever came down” labari ne na baya. Wataƙila ya sauka da dare ya sake tashi da asuba. “The fever has come down” kuwa na nufin ya sauka, kuma a halin da ake ciki a sauke yake. Wannan na biyun shi malamai ke kira “present perfect”. Ki ɗauke shi kamar mu ce “ya riga ya”, tare da “kuma ga shi nan”.

A asibitocinmu, har da na Shinkafi da Zurmi inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa, da Turanci ake rubuta katin mara lafiya da rahoton miƙa aiki. Idan na karɓi aikin dare na ga an rubuta “The drip has run out”, ba tarihi ake ba ni ba. Ana gaya mini ne cewa ruwan da aka ɗaura ya ƙare, yanzu babu, in tashi in sauya. Haka ke ma idan malamin makaranta ya turo “Your son has not turned up”, yana nufin har zuwa wannan minti yaron bai iso ba. Wannan ba saƙon da za a bari sai an sauke tukunya ba ne.

Ginin jimlar kashi uku ne. Na farko “has” idan mutum ɗaya ne ko abu ɗaya, “have” idan suna da yawa ko kuma da “I”, “you”, “we”, “they”. Na biyu aikatau a sigarta ta uku. Na uku ɗan rakiya, wanda ba ya sauya kama ko kaɗan.

Siga ta uku ita ce inda yara ke tuntuɓe. Yawancin aikatau “ed” kawai ake ƙara musu, kamar “passed” da “called”. Amma akwai masu taurin kai da sai an haddace su uku-uku: “break, broke, broken”, “throw, threw, thrown”, “fall, fell, fallen”, “wear, wore, worn”, “go, went, gone”, “come, came, come”, “run, ran, run”. Bayan “has” ta ƙarshen ake ɗauka koyaushe. Saboda haka “has ran out” kuskure ne, “has went down” kuskure ne. Daidai shi ne “has run out” da “has gone down”.

Jimloli shida da uwa za ta ci karo da su

“She has thrown up.” Ta yi amai. Idan yaro ya amayar da maganin zazzaɓin cizon sauro cikin rabin awa da shan sa, yawanci ana sake ba shi, don haka ki faɗa wa ma'aikacin lafiya ƙarfe nawa ya sha, ƙarfe nawa ya yi aman.

“The swelling has gone down.” Kumburin ya saɓe. Albishir ne.

“The cord has fallen off.” Cibiyar jariri ta faɗi. Yawanci tana faɗuwa da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba a jan ta, ba a sa mata toka ko man goge baki.

“He has come round.” Ya farfaɗo. Ita ce kishiyar “passed out”, kuma ita ce jimlar da ya kamata saurayin nan ya bi yayarsa da ita da cajinsa bai ƙare ba.

“The injection has worn off.” Ƙarfin allurar ya sake shi. Shi ya sa mai tiyata ke fara jin zafi bayan wasu awanni.

“The drug has run out.” Maganin ya ƙare. Ga mai hawan jini ko ciwon sukari ko tarin fuka, wannan jimla na nufin a nemo yau, kada a yi fashin sha.

Idan tambaya za ki yi, sai ki jawo “has” gaba: “Has the fever come down?” Idan korewa ce, ki sa “not” bayanta: “It has not come down.” Ɗan rakiya yana nan a wurinsa.

“Had”, “will have” da “has been”

“Had” aikinta jera abubuwa biyu da suka wuce, ta nuna wanda ya riga wani. “He had passed out before he fell” na nufin sai da ya suma sannan ya faɗi. Wannan daban yake da mutumin da ya faɗi, ya bugu a kai, sannan ya suma. A wurinmu ma'aikatan lafiya bambancin babba ne, domin na farko za mu fara neman abin da ya sumar da shi, na biyu kuma hankalinmu zai fi komawa kan raunin kai. A Hausa “kafin” da “ya riga ya” ne ke yi mana wannan aiki: kafin ya faɗi ya riga ya suma.

“Will have” na duban gaba ne. “The pain will have worn off by evening.” Kafin yamma zafin zai kasance ya lafa.

Sai kuma “has been” tare da aikatau mai ƙarewa da “ing”. “He has been throwing up since morning.” Tun safe yake ta amai, kuma bai daina ba. Ki lura da tazarar da ke tsakanin wannan da “He has thrown up”. Amai sau ɗaya ana iya sa ido a gida. Yaron da ke amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya kasa shan nono ko ruwa, yana cikin alamomin haɗari, asibiti za a nufa da shi ba jira. Idan za ki faɗi tsawon lokaci, “since” na tafiya da farkon abin, kamar “since Monday”, “for” kuma da adadi, kamar “for three days”.

Akwai wata “has been” ɗin da ke zuwa da siga ta uku. Ita ce daidai da “an yi” a Hausa, inda ba a ambaci wanda ya yi ba. Sanarwar hukuma da ta makaranta sun fi son ta. A Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara, jimlar ita ce “The network has been cut off”, an katse layi. Lokacin da yajin aikin malaman jami'a na ASUU ya kai wata takwas a 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, abin da iyaye ke jiran ji shi ne “The strike has been called off”, an janye yajin aiki.

Nan ma akwai tagwaye masu kama da juna. “Called off” sokewa ce ko janyewa. “Put off” ɗagewa ce zuwa wani lokaci, kamar zaɓen shugaban ƙasa na 2019 da aka ɗage daga 16 zuwa 23 ga Fabrairu. Idan makaranta ta turo “The exam has been put off”, jarrabawar tana nan tafe, kada yaro ya ajiye littafi. Ki tambayi sabuwar rana.

Turancinmu na gida

Akwai jimlolin da mu 'yan Najeriya muka ba su tamu ma'ana. A ɗakin haihuwa kullum za ki ji “She has put to bed”, wato ta haihu. A Ingila kuwa “put the baby to bed” kwantar da yaro barci ne. Haka “She has taken in”, a nan ta samu ciki ke nan, amma Bature ba zai fahimce shi haka ba. A hira tsakaninmu babu laifi. A takardar jarrabawa, ko ga wanda zai yi aiki a waje, gara a rubuta “She has given birth” da “She is pregnant”.

Ita kanta “passed out” tana da fuska ta biyu. Matashin da ya gama hidimar ƙasa ta NYSC, shirin da aka kafa a 1973, ko wanda ya gama horon soja ko ɗan sanda, ana cewa “He has passed out”, wato an yaye shi. Don haka idan ɗanki da ya gama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda ya tafi hidimar ƙasa, bayan shekara ya turo “Mama, I have passed out”, guɗa za ki yi. Mai suma ai ba ya rubuta saƙo. Kin ga ke nan bayan ɗan rakiya sai an duba wa ya turo, daga ina, kuma a wane hali.

Ga mai shirin jarrabawa

Idan kina da ɗiya mai burin shiga makarantar koyon jinya da ungozoma, sai ta samu kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. A JAMB ma Turanci dole ne ga kowa. WAEC da NECO suna yawan tambayar waɗannan 'yan rakiya a sashen zaɓi-ɗaya, inda za a bar gurbi a ce yaro ya cike da “off” ko “out” ko “up”. Ga wurare uku da maki ke zubewa.

Na farko, haɗa “has” da ranar da ta wuce. “He has passed away yesterday” kuskure ne. Da zarar an ambaci “yesterday” ko “last week” ko shekara, sai “has” ta fita: “He passed away yesterday.” Kalmomin da ke zama lafiya da “has” su ne “already”, “just”, “yet”, “since”, “never”.

Na biyu, wurin zaman “it”, “him”, “her” da “them”. Ana iya cewa “I have thrown away the syrup” ko “I have thrown the syrup away”, duka daidai. Amma idan “it” ce, dole ta shiga tsakiya: “I have thrown it away.” Ba a cewa “thrown away it”. Sai dai akwai waɗanda ba a raba su da ɗan rakiyarsu, kamar “look after”, kula da wani: “She has looked after him”, haka nan yake zama. Ƙamus mai kyau yana nuna wanne ake rabawa, wanne ba a rabawa.

Na uku, sauya ɗan rakiya ko mayar da shi aikatau. A gida muna cewa “off the light”, har wani yaro ya rubuta “I have offed it”. A takarda sai “I have switched it off” ko “I have turned it off”.

Abin da za ki yi daga yau

Idan saƙon Turanci ya shigo wayarki kuma ya shafi lafiya ko makaranta, kafin zuciya ta tsinke ki nemi ƙaramar kalmar da ke bayan aikatau, ki karanta ta harafi-harafi. Sannan ki duba ko “has” ce, ko “had”, ko “has been”. Idan da sauran shakka, ki kira ki ce a faɗa miki da Hausa. In wayar ba ta shiga ba, ki nemi wani na kusa da wurin kafin ki kama hanya. A asibiti ma haƙƙinki ne ki ce wa ma'aikaciya, “Sista, don Allah fassara mini abin da kika rubuta.” Babu kunya a ciki.

Ki kuma gaya wa yaranki, musamman masu karatu a Gusau ko Sakkwato ko Zariya, cewa labarin ciwo da rasuwa da haihuwa da Hausa ake aiko shi gida, kuma saƙon murya ya fi rubutu. A cika zancen: Baba ya suma, yana asibiti, ana duba shi, zan sake kira.

Game da karatu kuwa, ba sai kin iya Turanci sosai ba kafin ki taimaka. Ki ba yaro tsohon littafin rubutu, kullum ya rubuta jimla ɗaya mai “has” ko “have” daga abin da ya faru a gida, ya karanta miki, ya fassara. Iskar gas ta ƙare: “The gas has run out.” Wuta ta dawo: “The light has come back.” Ƙanwarsa ta farka: “She has woken up.” Cikin wata ɗaya ya tara talatin, ke ma kin tsinci rabonki.

Ga guda uku ku gwada da yara yau da dare bayan isha'i. Me ake nufi da “The meeting has been put off”? Wanne ne daidai, “The baby has fell off” ko “The baby has fallen off the bed”? Yaya za a ce da Turanci, “Na riga na zubar da shi”? Ki rubuto mana amsarku a ƙasa, tare da duk wata jimla da ta taɓa rikita ki a katin asibiti ko saƙon makaranta.

Dattijon nan an sallame shi washegari da safe, bayan mun ja masa kunne kada ya sake shan maganin sukari da cikin wofi. Ɗiyarsa ta kwana tare da shi, ta koma Kaura da hantsi. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kiyaye mana hanyoyinmu, ya sa albarka a karatun yaranmu.